Ɗora kaya a saman ƙaramar mota: nauyin da rufi ke iya ɗauka da yadda ake ɗaure shi

Duk lokacin da Sallah ta gabato, ko aka yi babban hutun makarantu, hanya mai lamba 1 wadda ta tashi daga Yamai ta ratsa Doso, Dogondutsi, Birnin Ƙonni, Maradi da Damagaram har zuwa Diffa takan cika da ƙananan motocin gida, kowace da tulin kaya a samanta: akwatuna, katifa, buhun shinkafa, wani lokaci har da ragon layya. But ɗin Starlet ko Yaris ko Peugeot 206 ba ya ɗaukar kayan mutum biyar, don haka sai ido ya koma kan rufi. Rufin yana taimakawa, amma abin da yake iya ɗauka bai kai yadda yawancin masu motoci ke zato ba. A mafi yawan ƙananan motoci iyakarsa tana tsakanin kilo 50 da kilo 75, kuma nauyin ƙarfen da aka kafa a saman yana cikin wannan lissafi.

Inda ake samun iyakar

Yawancin kamfanonin ƙera motoci suna rubuta iyakar a littafin da ke zuwa tare da motar. A littafin Faransanci ana samun ta ƙarƙashin « charge maximale sur le toit », ko a shafin da ya yi bayanin « barres de toit ». Golf, alal misali, kilo 75 aka yanka mata. Ƴan ƙanana irin su Peugeot 107, Citroën C1 da Toyota Aygo ba sa wuce kilo 50. Sai dai yawancin motocin da ke yawo a yankin nan na hannu ne, an sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome, sun ratsa hannu uku ko huɗu, littafin ya daɗe da ɓacewa. Ana iya nemo shi a intanet da sunan motar da shekarar da aka ƙera ta. Wanda bai samu ba, ya tsaya a kilo 50 ya huta.

Akwai dalilin da ya sa adadin bai da yawa. Rufin mota fallen ƙarfe ne da kaurinsa bai kai milimita 1 ba, ƙarfinsa duka yana gefe, inda ya haɗu da ginshiƙan da ke riƙe da ƙofofi da gilasai. Sannan iyakar da aka rubuta ta motar da ke tafiya ce. Mota a tsaye tana iya ɗaukar fiye da haka nesa ba kusa ba, shi ya sa yaron da ke lodi kan hau sama ya tattaka ya ɗaure kaya, ba abin da ya karye, mai mota ya ce ai ga shi ta ɗauka. A kan hanya magana ta sauya. Idan taya ta faɗa rami, ko aka haye tudun rage gudu na bakin gari ba tare da an sassauta ba, kayan kan yi sama su dawo da ƙarfin da ya ninka nauyinsu, duka a kan ƴan ƙafafu huɗu da ke riƙe da ƙarfen. A tafiyar kilomita ɗaruruwa wannan duka kan maimaitu sau dubbai.

Lissafin ba shi da wuya. Sanduna biyu na kamfani nauyinsu kusan kilo 5 ne, akwatin roba na sama kuma kilo 12 zuwa 20. Motar da aka yarje mata kilo 75 ke nan saura mata kusan 55 na kaya, wadda aka yarje mata 50 saura 30. A gwada wannan da kayan da aka saba gani: babban buhun gero, mai tiya 40, kilo 100 ne. Buhun shinkafa 50 ne ko 25. Bidon ruwa mai lita 25 kilo 25 ne. Buhun albasar Galmi, wanda matafiya da yawa ba sa iya wucewa ba su saya ba, shi kaɗai ya fi ƙarfin rufin kowace ƙaramar mota.

Ƙarfen da aka kafa ma yana da tasa iyakar, wadda akan rubuta a jikinsa. Idan adadin biyu suka bambanta, ƙaramin ake bi. Galeri mai ɗaukar kilo 100 a kan rufi mai ɗaukar 50, abin da aka samu 50 ne.

Akwai kuma iyaka ta uku da ake yawan mantawa, wato nauyin motar gaba ɗaya, abin da ake kira PTAC. A motocin da aka ƙera don kasuwar Turai yana rubuce a wani ƙaramin allo da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin murfin inji: adadin farko shi ne nauyin da motar ba za ta wuce ba, na kusa da lamba 1 na tayoyin gaba, na kusa da lamba 2 na tayoyin baya. Abin da ƙaramar mota ke iya ɗauka, mutane da kaya a haɗe, yawanci kilo 400 zuwa 500 ne. Idan an ɗauka 450 ne, manya biyar masu kilo saba'in-saba'in sun cinye 350. Saura 100 a raba tsakanin but da rufi. Galeri yana ƙara wurin sa kaya, amma ko kilo ɗaya ba ya ƙarawa a kan abin da sifirin da birki da tayoyi za su iya.

Rufi iri-iri, ƙafa iri-iri

Kafin a sayi komai sai a tsaya a dubi saman motar. Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 suna da ɗan kwararo a gefen rufi inda ruwan sama ke bi, kuma nan ne wuri mafi sauƙin kamawa, domin ƙafar galeri na zama cikin kwararon a matse ta da noti. Motocin zamani sun bar wannan kwararo. Wasu, musamman masu dogon baya, suna zuwa da sanduna biyu a kwance daga gaba zuwa baya, sai a gitta wasu biyu a kansu. Wasu suna da ramukan noti da kamfani ya tanada, a ɓoye ƙarƙashin ƴan murafai ko baƙar robar da ke bin gefen rufi. Mutane da yawa na shekaru da mota ba su san suna nan ba. Sauran rufinsu sumul yake, sai dai a yi amfani da ƙafafu masu ƙugiya da ke kama leɓen ƙofa ta sama.

Nau'in ƙarshen nan shi ya fi yawa a ƙananan motoci, shi ya fi kuma jawo matsala. Ƙugiyar kowace mota daban take, an lanƙwasa ta daidai da leɓen ƙofarta. Ƙugiyar Corolla tana iya kama Golf a ido, amma da ɗan bakinta kawai ta kama, ranar da aka taka birki da ƙarfi sai ta zame. Wanda zai sayi sanduna na hannu a kasuwar kayan gyara ya je da motar a gwada a gabansa, ya duba robar da ke ƙarƙashin ƙafafun ba ta tsage ba. Bayan an ɗaure, a kama sandar da hannu biyu a girgiza: motar ce ya kamata ta motsa, sandar kuma tana nan daram. Tazarar da ke tsakanin sandar gaba da ta baya ta kai santimita 70 idan rufin ya bada hali.

A kan sandunan ana iya ɗora abu uku. Akwai kwandon ƙarfe, wanda direbobi a Nijar ke kira galeri, a Najeriya kuma kariya. Akwai akwatin roba mai murfi da makulli, mai cin lita 300 zuwa 500, irin wanda kamfanin Thule na ƙasar Suwidin, da aka kafa a 1942, ya yi suna da shi. Akwai kuma jakar tamfol mai zif, wadda ba ta da nauyi kuma ana naɗe ta a ajiye idan an dawo. Akwatin ya fi su kare kaya daga ƙura da ruwa da ɓarayi, iska kuma ta fi zamewa a jikinsa. Aibinsa tsada, sannan ranar Sahel ba ta raga wa roba: akwatin da ke kwana yana wuni a waje kan bushe ya fara tsattsagewa daga wajen maɓallai. Kayan kamfanoni na ƙwarai ana gwada su bisa ƙa'idar ISO 11154, wadda ta shafi kayan ɗaukar kaya na saman mota, kuma sukan zo da takardar da ta faɗi motocin da suka dace da su.

Galerin mai walda

Gaskiyar magana, yawancin galerin da ke saman motoci daga Yamai zuwa Damagaram ba daga kanti suka fito ba, masu walda ne suka haɗa su. Ba laifi ba ne. Mai walda da ya san aikinsa yana iya yin abin da zai yi shekaru, a kan kuɗin da bai kai na kanti ba. Sai dai akwai kuskure biyu da ake yawan tafkawa, kuma dukansu daga neman ƙarfi suke tasowa.

Na farko shi ne nauyi. Mai mota ya ce a yi masa mai ƙwari, mai walda ya ɗauko ƙarfe mai kauri irin na ƙofar gida, a ƙare da galeri mai kilo 25 ko 30. A kan mota mai iyakar kilo 50, galerin ya cinye rabi ko fiye tun ba a ɗora ko tabarma ba. Ƙwarinsa kuma yana yaudarar ido, domin wanda ya ga ƙarfe mai kauri sai ya ji kamar komai zai hau. Bututun ƙarfe mai siririn jiki ya wadatar, kuma ya kamata a ɗora galerin a sikeli kafin a kafa shi, a san abin da ya rage.

Na biyu shi ne yadda ake kafa shi. Wasu kan huda rufin a tsakiya su sa noti, inda babu komai sai falle. Girgizar hanya kan yi ta buɗa ramin, ruwa ya shiga da damina, tsatsa ta ci gefensa, wata rana notin ya fito da guntun rufin a jikinsa. Wasu kuma kan yi walda kai tsaye a jikin motar, zafin ya ƙona fenti da maganin tsatsa na ciki, ya raunana ƙarfen ginshiƙi, ga wayoyin lantarki da ke bi ta wajen. A motoci da yawa da aka ƙera daga shekarun 2000, jakar iska ta kariya tana naɗe a daidai gefen rufin nan, sama da tagogi. Ƙafafun galeri su sauka a gefe, kusa da ginshiƙai, a kan roba mai kauri, kuma ya zama ana iya kwance su. Noti ya zama mai roba a ciki wanda girgiza ba ta warware shi, ko a sa biyu, ɗaya na danne ɗaya. Kada galerin ya fi rufin faɗi, kada kuma ya leƙo kan gilashin gaba.

Abin da kayan sama ke yi wa tuƙi

Mai jaki ya san dalilin da ya sa mangala ke rataya gefe da gefe, ƙasa-ƙasa: idan aka tula kayan a gadon baya, da ya karkata kaɗan sai su rinjaye shi. Haka abin yake ga mota. An ƙera ta ne nauyinta na ƙasa, inji da giya da tankin mai duk kusa da tayoyi. Kilo 60 a tsayin mita ɗaya da rabi yana ɗaga cibiyar nauyin, kuma a mota mai nauyin tan guda ba ƙaramin abu ba ne. A miƙaƙƙiyar hanya ba a jin komai, sai dai a kwana a ji ta ɗan kwanta fiye da yadda ta saba.

Inda abin ke bayyana shi ne kauce-kaucen gaggawa. Akuya ta yanko, ko amalanken jaki mara fitila ya bayyana da magariba, ko raƙuman dawa na Kure sun fito tsallaka hanya tsakanin Yamai da Doso. Direba ya karya sitiyari hagu, ya mayar dama. A karo na biyun nan ne mota mai nauyi a sama ke ɗaga tayoyi. Irin wannan gwaji ne ya kifar da sabuwar Mercedes A-Class a Suwidin a 1997, a hannun ƴan jaridar wata mujallar motoci, har kamfanin ya dakatar da sayar da ita ya sake mata tsari. Motar ba ta da kaya a rufi, tsayinta da ƙanƙantarta ne suka kayar da ita. Tsohuwar mota mai gajiyayyun shokozoba da tulin kaya a ka ta fi ta kusa da faɗuwa. Gefen kwaltar da ya zaizaye ma tarko ne: taya ta sauka ƙasa, direba ya fizgo ta da ƙarfi don ta hau, sai motar ta juya.

Birki kuma yana da nasa. Mota mai nauyi ta fi nisan tsayawa. Idan aka taka birki iya ƙarfi a busasshiyar kwalta, kayan sama kan tunkuɗo gaba da ƙarfin da ya kusan kai nauyinsu. A karo kuwa, ko da a gudun cikin gari ne, ƙarfin kan ninka sau da yawa, abin da ba a ɗaure da kyau ba sai ya tashi ya wuce motar.

Sai iska. Turjiyar iska tana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: idan gudu ya ninka biyu, ita ninkawa huɗu take yi. Daga kilomita 80 a awa zuwa 110, ta kusan ninka biyu. Alƙaluman da hukumomin makamashi da muhalli na Amurka ke bai wa direbobi sun nuna cewa babban akwati mai faɗin goshi a saman mota yana rage nisan da lita ke kaiwa da kashi 2 zuwa 8 cikin 100 a gari, kashi 6 zuwa 17 a babbar hanya, kashi 10 zuwa 25 kuma a gudun kilomita 105 zuwa 120. Tulin kaya da aka lulluɓe da tamfol bai fi akwati zamewa ba. Motar da ke shan lita 7 a kilomita 100 tana buƙatar lita 63 daga Yamai zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900. Idan kayan sama suka ƙara mata kashi 15 cikin 100, ƙarin ya kusan lita 10 a zuwa, wasu 10 a dawowa. Wanda ya tsaya a 80 zuwa 90 ya rage wannan asara sosai.

Iskar gefe ma abin lura ce. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take kaɗawa, hanya mai lamba 1 kuwa ta miƙe ne tsakanin yamma da gabas a fili fetal, don haka tulin kaya kan zama kamar bango. Haka idan babbar mota ko bas ta gifta, sai a ji motar ta yi gefe. Guguwar da ke gabatar hadari da damina ta fi ƙarfin a yi gardama da ita, gara a sauka gefe nesa da itatuwa a jira ta wuce.

Me zai hau, me ba zai hau ba

Rufi na kaya masu girma ne marasa nauyi: jakunkunan tufafi, barguna, tabarmi, gidan sauro, kwanukan roba. Masu nauyi, irin su hatsi, mai, ruwa, littattafai da kayan aiki, wurinsu but ne, a ƙasa, a jingine da bayan kujera. Mutane kan yi akasin haka saboda buhu ya fi sauƙin jefawa sama, jakar tufafi kuma ana tsoron ƙura. Leda mai kauri tana maganin ƙura.

Akwai abubuwan da bai kamata su hau ba ko da nauyinsu bai kai ba. Tukunyar gas ba ta da abin yi a saman mota cikin ranar Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa. Fetur a bidon roba na man girki haɗari ne, domin zafi na kumbura shi, murfin ya fara tsiyaya, man ya gangaro kan mota mai zafi. Wanda tafiyar arewa ta tilasta masa riƙe mai ya nemi jarkar da aka yi don fetur, kada ya cika ta fal. Magunguna, turare, waya da batura ba sa jure zafin cikin baƙin akwati. Takardu da kuɗi kuwa ba sai an faɗa ba.

Rago a saman mota abu ne da ido ya saba da shi har ya daina zama abin mamaki, amma sabo bai mayar da shi daidai ba. Babban rago yana kai kilo 50 ko fiye, kuma nauyi ne mai motsi: duk lokacin da ya yunƙura, motar na ji. Ga azabar awa goma a ɗaure cikin rana da iska. Dabbar da za a yi ibada da ita ta cancanci a kai ta da mutunci, kuma wadda ta isa da karaya ta jefa mai ita cikin tambayar ko layyarsa ta inganta. Mutum kuwa, babba ko yaro, ba ya hawa rufi ko da zuwa ƙauye na gaba ne.

Katifa tana da nata sha'ani. Ba ta da nauyi, amma iskar da ta bi gilashin gaba ta hau takan shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta kamar fiffike, da ƙarfin da ke iya fizge galerin gaba ɗaya. A naɗe ta ko a ninke idan tana ninkuwa, a ɗaure bakin gaba tam, kada ya leƙo gaban sandar farko.

Ɗauri

Hausawa sun ce kayan sammako da marece akan ɗaure shi, kuma a nan maganar ta zauna daram: lodin da aka yi cikin duhun asuba, yara na kuka, ana sauri, shi ne wanda ake tsayawa gyarawa tun kafin a kai Doso. Mafi nauyin kayan ya zauna a tsakiya, tsakanin sanduna biyu, dama da hagu daidai. Tulin ya yi ƙasa yadda zai yiwu. Littattafan Peugeot da Citroën kan ce idan tsayin kayan ya wuce santimita 40 a rage gudu daidai da yanayin hanya. Gajerun kaya a gaba, dogaye a baya, don iska ta samu gangara.

Abin ɗauri mafi inganci shi ne igiya mai faɗi mai ƙarfen matsewa, wadda ake kira sangil, biyu a gicciye aƙalla, da ɗaya daga gaba zuwa baya. Mai ƙarfen da ake ja kamar jak tana matsewa fiye da kima, tana iya lanƙwasa sanda ko fasa akwati, sai a yi hankali. Igiyar roba mai ƙugiya da robar taya da aka yayyanka suna da amfani wajen danne tamfol, amma ba sa riƙe nauyi, domin abin da ke miƙewa a hannu zai miƙe a birki. Igiyar da ta koɗe ta fara sakin gari rana ta gama da ita. Kowane ƙunshi a ɗaure shi da jikin galerin, kada a dogara da na kusa da shi. Tamfol a cusa bakinsa na gaba ƙarƙashin kaya, in ba haka ba ya cika da iska ya yi ta kaɗawa har ya yage. Sangil da ke kuka a iska, a murɗa shi sau ɗaya kafin a ɗaure, sai ya yi shiru.

Wasu kan ɗora kaya a rufi tsirara su zura igiya ta tagogi. Wannan yana ɗaure ƙofofin tare da kayan, ranar haɗari ba mai fita. Idan dole ta sa, igiyar ta bi ta ƙofa a buɗe sannan a rufe a kanta, kayan su zama marasa nauyi, tafiyar gajera. Ko a haka ruwan sama kan bi igiyar ya ɗiga ciki, kuma tana iya tare jakar iskar gefe.

Ɗauri yana saki a farkon tafiya, domin kaya na zaunawa. A tsaya bayan kilomita 30 zuwa 50 a sake matse igiyoyi da notina, sannan a duk tashar da aka sha mai, da kuma bayan kowane yanki mai ramuka.

Tayoyi

Duk nauyin nan a kan tayoyi yake ƙarewa. Akwai takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin murfin tankin mai da ke nuna iskar da ake sa wa idan mota ta cika, kuma yawanci ta fi ta kullum, musamman a baya. Da safe ake aunawa, kafin taya ta yi zafi. Al'adar rage iska wai don kada zafin kwalta ya fasa taya ita ce ke fasa ta: taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, ta yi zafi daga ciki har zarenta ya rabu. A jikin taya akwai rubutu irin 175/65 R14 82T. Lamba 82 tana nufin tayar na ɗaukar kilo 475. Lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT kuma mako ne da shekarar da aka yi ta, wato 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Tayar hannu da ta haura shekara goma ba ta doguwar tafiya da lodi ba ce, ko da zanenta na nan. Idan bayan mota ya zauna, fitilun gaba kan ɗaga su kashe wa masu tahowa ido. Motoci da yawa suna da ɗan maɓalli kusa da sitiyari na sauke su.

Doka, inshora da kan iyaka

Dokokin hanya a ƙasashen yankin sun haɗu a kan abu ɗaya: kaya su kasance a ɗaure, kada su tare wa direba gani, kada su rufe fitilu ko lambar mota, kada su zama haɗari ga wasu. A Nijar jandarmomi da ƴan sanda ne ke tsayar da mota a kan haka, hukumar ANISER kuma ke kula da sha'anin kiyaye haɗurra. Wanda ya tsallaka Najeriya ta Ƙonni zuwa Illela, ko ta Dan Isa zuwa Jibiya, zai tarar da jami'an FRSC, hukumar da aka kafa a 1988, kuma lodin da ya wuce kima yana cikin laifukan da suke cin tara a kai.

Nijar, Cadi, Kamaru, Benin, Burkina Faso da Mali duk suna bin dokar inshora ta CIMA, wadda aka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Inshorar dole ta mota tana biyan wanda kayan da suka faɗo suka ji wa rauni ko suka yi wa ɓarna, amma ba ta biyan kayan da suka faɗi. Akwatin lefen da ya tarwatse a hanya asarar mai shi ce. A kan iyaka kuma tulin kaya yana jan idon jami'an duwan, kuma suna da ikon cewa a sauke a buɗe, don haka a ɗaure yadda za a iya kwancewa a mayar. Hatsi yana buƙatar tambaya tun kafin a tashi: a Oktoban 2024 hukumomin Nijar sun hana fitar da shi zuwa ƙasashen waje in ban da Burkina Faso da Mali.

Idan kayan sun fi ƙarfin iyakar, hanya mafi sauƙi ita ce a raba tafiyar. Kamfanonin bas irin su Rimbo da STM suna karɓar saƙon kaya tsakanin manyan garuruwa, kuma kuɗin aika buhu biyu sau da yawa bai kai na ƙarin man da za a ƙona da sifirin da za a gajiyar ba.

Mota mai akwati a sama tsayinta na kusan mita 2, abin da ake mantawa da shi a ƙofar gida, ƙarƙashin rumfa, ko inda wayar lantarki ta yi ƙasa a lungu. Bayan an dawo kuma, a kwance galerin. Ko babu kaya yana ƙara shan mai da ƙara, yashi na shiga ƙarƙashin robar ƙafafunsa ya goge fenti har tsatsa ta samu ƙofa. A wanke wajen, a shafa wa notina ɗan man giris, a ajiye sanduna da igiyoyi a inuwa.